Abin da Kawu Marjohan Ya Kasa Ci

Koto Lamo, Payakumbuh
Janairu, 1995

Zuwa ga Kawu Marjohan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga kawunta, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da 'yarka, ƙanwata Desnita, da maigidanta Purnomo. Mu nan lafiya lau, sai dai bayan maigidana Aguslim da ke damunsa tun da aka gama dashen shinkafa. Ya ce ciwon noma ne, ni kuma na ce ciwon zaman shagon kofi ne. Baunarmu ta haihu, nono ya wadata, yara suna gaishe ka.

Kawu, akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun rasuwar matarka Inna Nursiah, kuma ban samu bakin faɗa maka ba a wurin makoki. Ka fi ni sanin al'ada. Namiji baƙo ne a gidan matarsa, kuma idan matar ta rasu, 'ya'yan 'yan'uwansa mata ne za su je da kwanon ganyen sirih, ganyen taunawa da muke miƙawa kamar goro, su ɗauko shi, su mai da shi gidan uwarsa. Tunda Mama ta riga mu gidan gaskiya, wannan nauyi a kaina yake, domin kai kaɗai ne ƙaninta da ya rage. Wallahi har na goge kwanon tagullar, na sa an tsinko ganye. Sai Desnita ta ja ni gefe tana kuka, ta ce ita za ta tafi da kai duk inda aikin mijinta ya kai su, ta riga ta yi maka fasfo.

Na zauna na yi tunani. Na ce da Aguslim, mutumin da za a sa a jirgin sama ya ga ƙasar Holan, me zai zo ya yi a gidan katakon da ke yoyo ta kusurwa biyu? Sai na mai da kwanon cikin kabad. Tsofaffin unguwa sun ɗan yi gunaguni, amma na ce musu alheri na yi maka. Ina so ka sani ba raini ba ne.

Ka rubuto mini yadda garin yake. An ce har abincin ƙasarmu ake sayarwa a can, a faranti mai bakin zinariya. Ka ci nawa rabon.

'Yarka,
Gusnimar

*

Rotterdam
Maris, 1995

Imar,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode, Allah ya yi miki albarka. Ki gaida Aguslim, ki ce masa ciwon bayan da ke warkewa da zarar an ɗauko katin domino ba ya kisa. Ni lafiyata ƙalau in ban da gwiwa. Sanyin nan ba irin na gindin dutsen Sago ba ne da bargo ɗaya ke kora, wannan har cikin haƙori yake shiga. Azumin bana da burodi da cuku na yi sahur.

Maganar kwanon sirih na karanta. Kin yi tunani. Shi ke nan.

Kin tambayi abinci, to saurara. Purnomo injinan ɗaga kaya yake kafawa a tashar jiragen ruwa, Desnita na riƙe masa takardu, sai yamma suke dawowa a gajiye. Masaukinmu ba shi da murhun kirki, don haka a waje muke ci. Ranar Sallah suka ce za su faranta mini, suka kai ni gidan abincin da aka ce na mutanenmu ne. Muna zama sai ga wani dogon saurayi ya fara jera ƙananan faranti a gabanmu har teburin ya cika. Imar, raina ya yi fari. Na ce yau ga gida, ashe har nan sun san yadda ake yi: a jera maka komai, ka biya abin da ka taɓa kaɗai.

Purnomo ya miƙa hannu wajen jatan lande, na buge hannun. Na ce, «Bari wannan, tsada gare shi. Ɗauki ƙwai.»

Ya dubi Desnita, ta dubi silin. Ni dai na tsare teburin nan kamar mai gadin rumbu, ban bar kowa ya taɓa abin da ya wuce faranti uku ba. Sai da muka shiga mota take gaya mini cewa a nan kuɗin teburin gaba ɗaya ake biya, ka taɓa ko kada ka taɓa, ragowar kuma a bola ake zubawa. Na ce a juya motar. Suka yi ta dariya har Purnomo na share hawaye, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Amma ko da na ci duka, asara ce. Abin da suka kira rendang, naman nan namu da ake dafawa da ruwan kwakwa har ya ƙafe, yana iyo ne cikin ruwa, launinsa kamar shayi da madara, ga zaƙi sai ka ce alewa. Na kira saurayin na ce a tambayo mini kuku tsawon lokacin da naman ya yi a wuta. Ya dawo ya ce awa guda, yana murmushi kamar ya kawo albishir.

Na ce, «Ɗana, ai naman nan da kwakwar ko gaisawa ba su gama yi ba.»

Desnita ta ƙi fassara masa. Ya ce yana fatan mun ji daɗi, ya tafi.

Kakarki takan ɗora tukunya da hantsi, ba ta saukewa sai an yi kiran la'asar, naman ya yi baƙi ƙirin, man ya tsotse. Muna yara mukan zauna a matakala muna jiran a ba mu ƙanzon kaskon. Kwanan nan da na rufe ido matakalar nan nake gani, har da katakon nan na uku da ke ƙara.

Af, ɗan ɗakin da ke kusa da matakala, har yanzu buhunan shinkafa ne a ciki? Tambaya ce kawai.

Kawunki,
Marjohan

*

Koto Lamo
Afrilu, 1995

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sassauta gwiwa. Mu lafiya, an fara girbi, tsuntsaye sun hana mu sakat.

Na karanta wa Aguslim labarin jatan lande, ya kai shi shagon kofi, yanzu duk Koto Lamo sun san Kawu Marjohan ya je Holan ya hana surukinsa cin abin da ya biya. Har liman ya ce in gaishe ka, ya ce ka riƙe mutuncin garinmu. Ni kuma abin da ya fi ba ni dariya shi ne kai da koyar da kuku. Kawu, shekarunka nawa a kan keken ɗinki a kasuwa, ko ruwan zafi ka taɓa dafawa? Inna Nursiah ce ta ɓata ka, Allah ya jiƙanta.

Amma bayan na gama dariya jikina ya yi sanyi. Na ce ashe Allah ne ya taimake ni ban ɗauko ka ba. Mutumin da aka cika wa tebur a ƙasar Turawa ya ce bai ga abin ci ba, ni da me zan tare shi? Mu nan yau ganyen rogo, gobe ganyen rogo da busasshen kifi, nama sai an yi biki. Kuma ka san hannuna bai kai na Mama ba, balle na Inna. Da ka zo da kunya ta kashe ni cikin sati guda.

Tunda rendang ne damuwarka, na sayo naman bauna na dafa maka, tun hantsi har la'asar kamar yadda ka ce. Na zuba a gwangwani, Aguslim ya kai an liƙe bakin da dalma, na naɗe a tsohon zanen Mama, mun aika ta gidan waya. In bai yi ba kada ka gaya mini.

Ɗakin kusa da matakala kuwa mun kwashe buhunan. An turo sabuwar malamar makaranta daga Solok, tana neman wurin zama bayan hutu, muna tunanin mu ba ta. Yarinya ce mai hankali, za ta riƙa duba karatun yara.

Ka ci gaba da ganin duniya, ka gano mana har da namu.

'Yarka,
Gusnimar

*

Busan, ƙasar Koriya
Yuni, 1995

Imar,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta sha yawo kafin ta same ni, domin aikin Rotterdam ya ƙare, an kwaso ni kamar akwati an kawo nan. Lafiya dai da sauƙi. Wandona ya yi mini yawa, na rage shi da allurar hannu.

Gwangwanin ya biyo mu, amma bai shigo ba. 'Yan kwastan suka kira mu ofishinsu, wani mai farin safar hannu ya buɗe shi a gabana. Imar, ƙamshin ya cika ɗakin nan, har wata ma'aikaciya ta ɗago kai daga kan takardunta. Baƙi ne sosai, yadda ya kamata. Suka ce doka ta hana shigo da nama. Na ce to a bar ni in ci loma ɗaya a nan tsaye, ai cikina ba ƙasarsu ba ce. Suka ce a'a, cikin ladabi, har da sunkuyawa. Zanen kaɗai suka ba ni. Yana ƙarƙashin matashin kaina, har yanzu yana warin hayaƙin ɓawon kwakwa.

Abincin nan ba zan ɓata miki takarda a kansa ba. Rabinsa ba ya halatta gare mu, sauran rabin kuma ɗanye ne. An kawo wa Purnomo wani abin teku da aka yayyanka yana motsi a faranti, ya ce in ɗanɗana. Na ce ni ba na cin abin da bai gama yanke shawarar mutuwa ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo daban ne. Wata rana ina tafe ni kaɗai a bayan tasha sai na hango allo an rubuta Padang, sunan babban birninmu, da manyan baƙaƙe, har an zana rufin gida mai ƙaho irin namu. Na gyara hula, na shiga na yi sallama da harshenmu, na ce, «Ina mutanen gida? Ɗan wane gari ne a nan?»

Mai wurin ya fito yana goge hannu. Ya ce, «Baba, yi haƙuri, ban ji ba. Ni mutumin Surabaya ne, da a jirgi nake aiki.»

Na ce, «To allon fa?»

Ya ce, «Sunan ne ke kawo mutane, Baba. In na rubuta Surabaya wa zai shigo?»

Yaron kirki ne, ya zuba mini da yawa. Shinkafar tana manne wa yatsa, a maimakon ganyen rogo kabeji ne mai tsami, barkonon daga kwalba aka matso shi. Na yi loma biyu na kasa. Abin ya wuce ɗanɗano, ni dai na sa rai zan ji wani ya amsa mini da harshen uwata. Na zauna ina kallon farantin har ya huce.

Wallahi Imar, ko miyarki ta ganyen rogo, wadda uwarki Yaya Dalima ke cewa akuya ma sai ta yi shawara kafin ta sa baki, ta fi mini duk abin da ke cikin garin nan.

Maganar malamar makaranta, gidanki ne, ba ni da ta cewa. Sai dai malamai ba sa rasa wurin zama, kuma ɗakin yana da sanyin safe, bai dace da yarinya ba. Tsoho ne ke iya masa. Kada ki yi gaggawa.

Kawunki

*

Busan
Satumba, 1995

Imar,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Tun watan Yuni ban ga rubutunki ba. Kullum nakan sauka in tambayi matar da ke karɓar wasiƙu, har ta gane ni, tun daga nesa take kaɗa mini hannu alamar babu.

Idan Aguslim ne jiki ya tsananta, ki sanar da ni. Idan kuma malamar ta tare, ba komai, ki faɗa mini kawai in sani.

Na daina zuwa gidajen abinci. Shinkafa da gishiri nake ci a ɗaki, ta ishe ni. Yanzu ne lokacin da ake ɗura nonon bauna a gora a rufe da ganyen ayaba, ko? Na tuna yadda ake buɗe ganyen ayabar da safe a tarar ya yi kindirmo. Wannan kam ba a sa shi a gwangwani.

Kawunki

*

Busan
Oktoba, 1995

Yaya Imar,

Assalamu alaikum. Ni ce Desnita. Ina fata kuna lafiya, ke da Yaya Aguslim da yara. Baba bai san na rubuto ba.

Yaya, Baba na ramewa a gabana. Likita ya auna shi ya ce ba abin da ke damunsa, yunwa ce kawai. Babu inda ban kai shi ba. Na sayi murhu na dafa masa da kaina, ya ci don kada raina ya ɓaci, na gan shi yana tura loma da ruwa. Wancan satin muka matsa masa ya bi mu cin abinci da manyan Purnomo, ya zauna ya naɗe hannu har aka tashi, ana ta tambayata ko ba shi da lafiya.

Akwatinsa a ɗaure yake tun ranar da muka iso. Idan aka buga ƙofa, ko mai wanki ne, sai ya sa hula ya miƙe tsaye. Jiya na gaji na ce, «Baba, in gida kake so ka faɗa, gobe in saya maka tikiti.»

Ya ce, «Wane gida?»

Na ce, «Koto Lamo mana, wajen Yaya Imar.»

Ya ce, «Ni buhun shinkafa ne da za a aika? In je in tsaya a gindin matakala in ce ga ni, a ba ni wuri? Namijin da ba a zo ɗauka ba, ba a nemansa. Ki bar maganar.» Ya juya ya fuskanci bango.

Yaya, na san al'adar. Na ɗauka a wannan zamani ba wanda ya damu da ita, kuma gaskiya ban so in sani ba. Uwata ta tafi, shi kaɗai ya rage mini, ina son in buɗe ƙofa da yamma in tarar da shi. Amma wanda nake tararwa yanzu ba Babana ba ne, wani tsoho ne mai jiran a buga ƙofa.

Ban san abin da ya shiga tsakaninku kika daina rubutu ba. Ko mene ne, don Allah ki yafe masa. A watan gobe za a mai da Purnomo tashar Klang a Malesiya, ruwa kaɗan ne tsakaninmu da ku. Ba zan iya cewa ki zo ki ɗauke mini uba ba, bakina ba zai iya ba. Na dai gaya miki inda za mu kasance.

Ƙanwarki,
Desnita

*

Koto Lamo
Nuwamba, 1995

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Aguslim ma garau yake, ba shi ne dalilin shiruna ba. Fushi na yi, kuma zan faɗa maka kai tsaye.

Na tsaya a kan tukunya yini guda har idona ya yi ja don hayaƙi, sai ga amsa ta zo wai akuya na shawara kafin ta ci miyata. Maganar nan ina 'yar shekara goma sha biyu Mama ta yi ta, a gaban baƙi, na shiga bayan rumbu na yi kuka, kai kuma kana cikin masu dariya. Ashe ka adana ta. Na ce to, ga shi ya faɗa da bakinsa, mai cin abincin ƙasashe ya tuna mini matsayina. Na ninke takardar na tura ƙarƙashin tabarma. Ta biyun ma da ta zo na karanta a tsaye, na ce shinkafa da gishiri ai gori yake mini.

Sai ga takardar Desnita. Kada ka yi mata faɗa. Na ɗauko naka duka na sake karantawa a zaune, na kai wurin da ka ce ɗakin tsoho ne ke iya masa, na rufe fuska. Aguslim ya ce, «Ke kaɗai ce a garin nan ba ki gane ba. Mutum na tambayar ɗaki tun watan Maris, ke kina aika masa nama.» Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce shi baƙo ne a gidan nan, ba ya shiga maganar dangi. Ka ji mutumin da ke shiga maganar kowa a shagon kofi.

Kai ma da laifinka, Kawu. Ka cika takarda da jatan lande da kabeji, abu ɗaya da kake so ka bar shi a gindin shafi kamar wanda aka manta.

To ga magana yadda ta kamata. Ni Gusnimar 'yar Dalima, jikar Siti Ramalan, ina sanar da kai cewa zan zo in ɗauke ka in mai da kai gidan uwarka. Ba a takarda ake ɗauko mutum ba, na sani, don haka da ƙafata zan zo. Na yi fasfo a Bukittinggi, sun ɗauke ni hoto na fito kamar wadda aka kama da satar kaza. Za mu hau mota zuwa Dumai ni da Aguslim, mu shiga jirgin ruwa. Ban taɓa hawa ruwan da ya wuce gwiwata ba. In na nutse, hakkina na wuyanka.

Malamar ta samu ɗaki a gidan liman. An toshe yoyon kusurwa ɗaya, ɗayar ta gagara, za ka riƙa tara kwano. Kuma ka sani tun yanzu, ganyen rogo za ka ci, irin wanda akuya ke shawara a kansa.

Ka gaya wa Desnita ba ƙwace zan yi mata ba. Ta tanadi wuri mu zauna a ƙasa, ita a ɓangaren gidan Inna, ni a namu, in roƙa ta ba ni kamar yadda ake yi.

'Yarka,
Gusnimar

*

Koto Lamo
Disamba, 1995

Desnita 'yata,

Assalamu alaikum. Mun iso lafiya, Allah ya yi miki albarka ke da Purnomo. Gwiwa ta yi sauƙi, wandon da na rage ya fara matse ni.

Bayan kin juya daga tashar jirgin ruwa ban waiwaya ba, kada ki ɗauka ban so ba. Na san in na ga fuskarki ba zan shiga jirgin ba. Kin yi ƙoƙari ranar nan. Da yayarki ta ajiye kwanon a gabanki ta yi roƙo, kin amsa daidai, kamar uwarki ce ta koya miki.

Bari in ba ki labarin da zai sa ki dariya. Jirgin ya yi jinkiri, muka shiga wani gidan abinci a tashar. Imar ta ɗanɗana miyar kifi, ta ajiye cokali, ta kira mai wurin.

Ta ce, «Malam, kifin nan da ruwan nan sun san juna kuwa?»

Ya ce haka suke yi a nan. Ta ce to Allah ya ba mutanen nan haƙuri. Ta juyo ta ce mini, «Kawu, wata goma sha ɗaya kana cin irin wannan? Ai ka yi ƙoƙari da ba ka mutu ba.» Aguslim ne ya cinye na mu ukun.

Yanzu ga gaskiya, ke kaɗai zan gaya wa. Ranar da muka iso ta yi miyar ganyen rogo, na zauna a tabarma na wanke hannu. Na kai loma. Gishiri ya yi yawa, ganyen bai gama laushi ba. Washegari ta yi rendang, ya yi kyau, amma ba shi ba ne. Na je har gidan abincin kasuwa da nake ci tun ina saurayi, nan ma ba shi ba ne. Ashe abin da na bi ƙasashe ina nema a faranti hannun uwarki ne, kuma babu shi a Koto Lamo kamar yadda babu shi a Busan. Na yi kuka a bayan masallaci, na wanke fuska na dawo.

Amma ina ci, har ina ƙari. A can in na ce abinci bai yi ba sai a sunkuya a ba ni haƙuri a ɗauke farantin. Nan da na ce gishiri ya yi yawa, Imar ta ɗaga murya daga madafa ta ce, «Ga murhu ga itace, Kawu, tashi ka nuna mana irin na Holan!» Yara suka fashe da dariya, na ce ba ta da kunya, ta ce a wurina ta gada. Kafin mu gama faɗan na cinye kwanon.

Jiya na hau motar kasuwa na je unguwarku. Gidan uwarki na nan a kulle, ciyawa ta fara cin matakala, bishiyar lemon ta yi 'ya'ya har suna zubewa. Makullin na wajen maƙwabciya, ta ce in karɓa in shiga. Na ce a'a. Shekara talatin da wani abu na kwana a gidan nan, amma yanzu ba ni da ikon taka shi sai mai gidan tana ciki ta ce in shigo. Mai gidan kuwa ke ce. Na tsaya a bakin shinge na ɗan jima, na tsinci lemo biyu da suka faɗo waje, na komo.

Azumi ya ƙarato. Ban ce ki bar mijinki ba, ban ce ki bar aikinki ba. Amma in Allah ya ba ki hutun Sallah, ki zo ki buɗe tagogin nan ki hura wuta a murhun uwarki. Na san ba ki iya girki ba, na ci na Busan. Ki dafa ko mene ne, ki aiko a kira ni. Zan sa hula in zo.

Babanki,
Marjohan